Duwatsun Kufena da Turunku a Tarihin Zazzau

Kufena dutse ne da ke yamma da birnin Zariya, garin Wusasa na gindinsa, kuma duk wanda ya taso daga Tudun Wada ya nufi Wusasa zai hango shi ya yi wa filin ƙasar zarra. Yana cikin jerin duwatsun ƙasar Zazzau da suka haɗa da Madarkaci da Tukur-Tukur a Zariya, da Turunku a kudu, cikin ƙaramar hukumar Igabi. Masana ƙasa sun ce shekarunsu sun haura miliyan 500: ruwa da iska suka yi ta zaizaye ƙasar da ke kewaye, dutsen mai tauri ya tsaya tsirara. Duk da cewa ba a sarƙe suke da juna kamar tsaunukan Filato ba, asalin waɗannan duwatsu na Zazzau ɗaya ne, kuma a gindinsu aka kafa mulkin Zazzau tun kafin a gina fadar da aka sani yau.

Dalilin haka a fili yake. Ruwan damina da ya sauka a kan falalen dutse yakan gangaro ya taru a gindi, ya jiƙa ƙasa, ya bar rijiyoyi da ruwa har cikin rani. Ga rafin Kubanni da kogin Galma kusa, ga tama da maƙera ke narkarwa su ƙera fartanya da mashi. Inda ruwa da noma da ƙarfe suka haɗu, jama'a kan taru, sarauta ta biyo baya. Haka aka yi a Dala ta Kano da Kwatarkwashi ta Zamfara. Labaran gargajiya sun ce Bakwa Turunku ce ta ɗauke mazaunin sarauta daga Turunku zuwa yankin Kufena wajen 1536, kuma ana danganta tsoffin ganuwoyin wurin da 'yarta, Sarauniya Amina.

Wasu za su ce tsoron mahara ne kaɗai ya kai mutane jikin dutse. Tsaro na ciki, amma ganuwoyin sun kewaye fili mai faɗi da ya isa gonaki da kiwo, kuma mai gudun tsira na ɗan lokaci ba ya ɓata shekaru yana irin wannan aiki. Kafin Musulunci ya kafu, ana kuma ɗaukar duwatsun mazaunin iskoki, don haka mai kula da tsafin dutse yana da iko a kan waɗanda ke noma a gindinsa. Wasu kuma na cewa labarin Bakwa da Amina na baka ne, shekarunsa ba tabbas. Ana iya jayayya kan shekara, amma kufan gidaje da ɓaraguzan tukwane da kashin maƙera da masu binciken Jami'ar Ahmadu Bello suka nazarta sun tabbatar da daɗaɗɗen zama a yankin.

Daga baya ikon ya tattara a cikin birnin Zariya, Turawa kuma suka kafa Tudun Wada da Sabon Gari a wajen ganuwa. A 1929 'yan mishan suka koma Wusasa, inda suka gina cocinsu da asibiti a gindin Kufena. Gari na ta faɗaɗa yanzu, gine-gine na cin tsoffin ganuwoyi. Wajibi ne masarautar Zazzau da gwamnatin jihar Kaduna su shata iyakar waɗannan wurare su killace su, kafin a rasa shaidar da ta rage.