Wuta a Madadin Sukari: Asalin Turara Tabar Lofe a Ingila

A cikin masu shan tabar lofe na Ingila da Amurka akwai waɗanda ba su gamsuwa da taba yadda ta fito daga kanti. Sai su zuba ta cikin kwalba, su ɗan yayyafa mata ruwa, su toshe bakin, sa'an nan su sa a tanderu ko cikin tukunyar ruwan zafi, su bar ta sa'o'i da dama a kan zafin da bai wuce na tafasar ruwa ba. In an buɗe, sai a tarar ganyen da ya shiga yana rawaya ya fito baƙi-baƙi, kaifinsa ya kwanta, ƙanshinsa kuwa ya karkata wajen na busasshen dabino. Wanda ya fara ganin wannan ya yi tsammani sabon yayi ne. Alhali kuwa ɓurɓushin wata tsohuwar sana'a ce, wadda doka da haraji suka yi renonta a Ingila fiye da shekara ɗari. Nufin wannan takarda shi ne a bi sawun sana'ar tun daga gona har zuwa ɗakin girki.

Ganye mai sukari

Ba kowace taba ce turarawa ke gyarawa ba. Wadda ta fi karɓar wuta ita ce rawayar taba da ake kira ta Birjiniya, ita kuwa tarihinta bai kai shekara 200 ba. Ko da yake tun 1612 John Rolfe ya soma noman taba don ciniki a Birjiniya, tabar wancan zamani baƙa ce mai nauyi, wadda akan shanya a iska ko a bisa hayaƙin itace.

Labarin da ya shahara game da rawayar taba ya faru a 1839, a gundumar Caswell ta Karolina ta Arewa, a gonar wani mutum wai shi Abisha Slade. Wani bawansa mai suna Stephen yana tsaron wutar ɗakin busar da taba da dare, barci ya kwashe shi. Da ya farka ya ga wuta ta kusa mutuwa, sai ya ruga maƙera ya ɗebo gawayi ya zuba. Zafin da ya tashi gaba ɗaya, ba tare da hayaƙi ba, ya mai da ganyen rawaya fatau. Ubangijinsa ya riƙe dabarar, ya daidaita ta, ya yaɗa ta cikin manoma. Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865, aka koma ga bi da zafin ta cikin bututun ƙarfe, don kada hayaƙi ya taɓa ganye ko kaɗan.

Dalilin abin shi ne, ɗanyen ganyen taba cike yake da sitaci. In an tsinke shi aka ajiye a wuri mai ɗumi da laima, sai sitacin ya riƙa komawa sukari. In an bar shi ya bushe a hankali cikin iska makonni da yawa, ganyen da kansa zai cinye sukarin nan. Amma in an ɗaga zafi a kan kari, daga wajen digiri 35 a ma'aunin santigirad har zuwa wajen 70, cikin kamar mako guda, sai ganyen ya mutu sukarinsa na jikinsa. Saboda haka rawayar taba takan riƙe sukari har kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta, wadda aka shanya a iska kuwa ɗan kaɗan ke saura mata. Sai dai sabuwar rawayar taba tana da aibi guda a lofe: tana ci da sauri, hayaƙinta da zafi, yana cizon harshe.

Dokar 1842

Masu sarrafa taba na Amurka sun sami hanya mai sauƙi ta kwantar da kaifin ganye, watau su jiƙa shi da sukari, ko maɗin rake, ko barasa, kafin su matsa shi. 'Yan'uwansu na Ingila kuwa doka ta tare musu wannan hanya, ba kuwa don tausayin masu sha ba, sai don kuɗin Gwamnati.

A wajen 1840 kuɗin fiton da ake karɓa a kan kowace laba ta ganyen taba kimanin sule 3 ne, watau ninkin ba ninkin kuɗin ganyen kansa. Tun da bisa nauyin ganye ake biya, duk abin da mai sarrafawa ya cusa a ciki don ƙara nauyi riba ce gare shi, hasara ga baitulmali. A 1840 Majalisa ta yi wata doka da ta yarda a gauraya taba da wasu abubuwa, muddin ba ganyayen itatuwa da tsirrai ba ne. Nan da nan algus ya zama ruwan dare. Aka yi ta ɗura sukari da maɗi, har kuɗin shiga suka ja baya. Da Gwamnati ta ga haka, sai a 1842 ta juya gaba ɗaya, ta kafa dokar da ta hana a sa wa taba kome in ba ruwa ba, sai fa ɗan man da akan shafa wa taba mai murɗi. A shekarar nan kuma aka buɗe ɗakin gwaji a Landan ƙarƙashin George Phillips, aikinsa shi ne binciken taba don kama masu algus. Daga wannan ɗaki ne ofishin masanin kimiyya na Gwamnatin Ingila ya samo asali.

A 1863 an ɗan sassauta, aka yarda a yi tabar da aka zaƙaƙa, irin wadda ake kira Cavendish, amma sai cikin ɗakunan ajiya da ke ƙarƙashin idon ma'aikatan kwastan. A 1887 kuma aka iyakance ruwan da ke cikin taba, kada ya wuce kashi 35 cikin ɗari, domin shi ma ruwa nauyi ne. Sauran tabar kasuwa duka ta zauna ƙarƙashin hanin, ba a soma kwance shi sosai ba sai cikin shekarun 1970.

Matsa da turarawa

To, da aka hana mai sarrafa taba sukarin buhu, abin da ya rage masa shi ne ruwa, da nauyi, da wuta, da lokaci. Matsa taba ba sabon abu ba ne, ya riga dokar. Sojan ruwa na Ingila sun daɗe suna karɓar ganye ba haraji, su zare jijiyoyinsa, su yayyafa masa barasa, su naɗe cikin tamfol, su ɗaure tamau da igiya mai kwalta, su ajiye makonni har ya yi baƙi ya daskare, sa'an nan su riƙa yankawa da wuƙa. Abin da dokar ta yi shi ne ta tilasta wa masana'antu su mai da hankali ga wannan hanya, su ƙware a cikinta.

Ga yadda aikin yake. Akan jiƙa ganye, a jera shi hawa-hawa cikin akwatin ƙarfe, a danne da injin matsa har ya zama curi mai tauri kamar katako. Daga nan akan sa curin tsakanin faranta masu zafi da tururi ke ɗumamawa, na sa'o'i, kana a mai da shi matsi mai sanyi ya kwana makonni. Gwargwadon daɗewarsa a zafi, gwargwadon baƙinsa da taushin hayaƙinsa. In an yanka curin fale-fale, shi ne tabar da ake sayarwa cikin gwangwani; in kuwa an murɗa ganyen kamar igiya kafin a gasa, shi ne baƙin murɗi da mahaƙan kwal da maƙwabtansu suka saba da shi. A garin Kendal na arewacin Ingila an riƙe irin waɗannan dabaru har zuwa wannan ƙarni.

Masu aikin nan ba su san sunan abin da ke faruwa cikin ganyen ba. Sai a 1912 wani masanin kimiyya na Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana yadda sukari ke haɗuwa da sinadaran gina jiki in an ɗumama su, su haifi launin ƙasa-ƙasa da sabon ƙanshi. Shi ne abin da ke rina bayan burodi, da soyayyar gyaɗa, da gasasshen nama. Watau sukarin da gawayin Stephen ya kulle cikin ganye, shi ne wutar Turawan Ingila ta buɗe.

Yadda sana'ar ta shiga gida

Haraji ne kuma ya kai ta gida. An hana noman taba a Ingila tun ƙarni na 17 don kare cinikin ƙasashen mulkin mallaka, ba a ɗage hanin ba sai 1910. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu dalar Amurka ta yi wa Ingila wuya, taba kuwa da dala ake sayenta. A 1947 ministan kuɗi Hugh Dalton ya ƙara harajin taba da kusan rabi. Shekara ta kewayo, aka ƙyale mutane su shuka taba a lambunsu don shan kansu. A wannan shekara ta 1948 wani limamin kirista, Hugh Cuthbertson, ya kafa ƙungiyar masu noman tabar gida a ƙauyen Tilty na Essex.

Shuka ba ta yi wa waɗannan mutane wuya ba, gyara ne ya gagare su da fari, domin ganyen da ya bushe kawai a rataye, ɗaci da maƙaƙi gare shi. Suka shiga kwaikwayon masana'anta da kayan gida: katako biyu da ƙusoshi masu zare a madadin injin matsa, tanderun girki da tukunyar tururi a madadin faranta masu zafi. Sun koyi da hasara cewa ganyen da ya bushe ƙwarai ƙonewa yake yi, wanda ruwa ya yi wa yawa kuwa yakan yi fumfuna bayan kwanaki. Daga baya, da yawancin tsofaffin masana'antu suka rufe ko suka ƙaura, masu shan lofe da ke kewar ɗanɗanon da suka saba, a Ingila da Amurka, suka ari dabarar, suka riƙa yi wa tabar kanti.

Abin da wuta ba ta yi ba

Akwai kuskuren da ya bi sana'ar nan tun farko, watau zaton cewa tabar da ta yi taushi a baki ta yi sauƙi ga jiki. 'Yan kasuwa sun ci moriyar wannan zato. Tun 1917 masu sigarin Lucky Strike suka kafa tallarsu bisa cewa gasasshiya ce, daga baya har suna nuna wai gashin yana kare maƙogwaro. Hakika abin ya zo a juye, gama taushin hayaƙin rawayar taba shi ya sauƙaƙa zuƙa har cikin huhu, a kansa kuwa cinikin sigari ya ginu. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka buga binciken da ya danganta shan taba da sankarar huhu. A 1964 rahoton babban likitan Gwamnatin Amurka ya ɗora wa lofe alhakin sankarar leɓe, bincike na baya kuma ya ƙara da ta baki, da maƙogwaro, da huhu. Turarawa tana sāke launi da ɗanɗano, amma nikotin yana nan, kwaltar hayaƙi ma tana nan.

Iyakar tarihin ke nan. Kwalbar da ke cikin tanderu ta gāji abu uku: ganyen da wani bawa ya gano, da dokar da aka yi don tsaron baitulmali, da ƙwarewar ma'aikatan da dokar ta matsa wa. Lafiyar mai sha ba ta cikin lissafin ko ɗaya daga cikinsu.