Tarihin Tace Maganganu a Zaurukan Tattaunawa na Intanet

Tace maganganu a zaurukan intanet shi ne duba abin da jama'a ke wallafawa, a bar wanda ya dace da ƙa'idar zaure, a goge wanda ya saɓa mata, wani lokaci har a kori mai shi. Ya sha bamban da takunkumin da gwamnati ke ƙaƙaba wa faɗin albarkacin baki, ko da yake tarihinsu ya sarƙe da juna.

Zamanin 'yan sa-kai

A 1978 Ward Christensen da Randy Suess suka buɗe CBBS a birnin Shikago na Amurka, allon saƙonni da ake shiga ta layin tarho. A irin waɗannan alluna mai kwamfutar shi ne wuƙa shi ne nama. Usenet, wanda ɗaliban Jami'ar Duke suka ƙirƙiro a 1979, akasarin zaurukansa ba su da mai gadi, in ban da kaɗan da saƙo ke bi ta hannun ɗan sa-kai kafin ya fita. A Afrilun 1994 wasu lauyoyi biyu, Canter da Siegel, suka cika dubban zauruka da talla guda, aka mayar musu da martani da manhajojin da ke soke saƙo da kansu.

Hukuncin kotuna

A 1991 wata kotun Amurka ta wanke kamfanin CompuServe daga zargin ɓata suna, domin ba ya duba abin da ake rubutawa. A 1995 kuwa wata kotun ta ɗauki kamfanin Prodigy a matsayin mawallafi, saboda shi yana tacewa. Ke nan mai ƙoƙarin tsaftace zaurensa shi ne ke jawo wa kansa ƙara. Don warware wannan, majalisar dokokin ƙasar ta zartar da wani tanadin doka da ake kira Sashe na 230 a 1996, wanda ya ɗauke wa kamfanoni alhakin kalaman masu amfani da su, ya kuma ba su damar gogewa da kyakkyawar niyya.

Shigowar na'ura

Matatar farko jerin haramtattun kalmomi ce kawai. A 1996 ta kamfanin AOL ta hana mazauna garin Scunthorpe na Ingila yin rajista, domin wasu haruffan sunan garin sun yi daidai da ashar a Turanci. Daga baya dabarun suka inganta: a 2007 YouTube ya fito da Content ID mai gano bidiyon da aka saci haƙƙin mallakarsa, a 2009 kuma Microsoft da masani Hany Farid suka samar da PhotoDNA don kama hotunan cin zarafin yara. Na'ura ta ƙware wajen gane abin da ta taɓa gani, amma habaici da zambo da barkwanci suna wuce ta, musamman a harsunan da ba su da yawan rubutu a intanet. A 2018 Facebook ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen daƙile kalaman tunzuri a Myanmar.

Saboda haka aikin bai bar hannun mutane ba. Dubban ma'aikatan kwantiragi a ƙasashe irin su Filifin da Indiya da Kenya suna wuni suna kallon abubuwan tayar da hankali. A 2020 Facebook ya amince ya biya dala miliyan 52 ga masu tacewa na Amurka da aikin ya taɓa lafiyar ƙwaƙwalwarsu.

Tsoma bakin gwamnatoci

Sin ta daɗe da tilasta wa kamfanoninta goge abin da hukuma ba ta so. Jamus ta kafa doka a 2017 da ta wajabta cire abin da ya karya doka ƙarara cikin sa'o'i 24, ko a ci tarar da za ta iya kai yuro miliyan 50. A Najeriya an dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, bayan ya goge wani saƙon shugaban ƙasar na lokacin, Muhammadu Buhari. Dokar Tarayyar Turai ta 2022 kan ayyukan intanet ta karkata ga haƙƙin mai magana: dole kamfani ya bayyana dalilin goge saƙo, ya kuma buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara.