Tarihin Wakilcin Izini a kan Na'urorin Gida, 1984 zuwa 2019

A wannan takarda za mu bi sawun wata tambaya da ta daɗe tana ci wa kamfanonin finafinai da waƙoƙi tuwo a ƙwarya, wato idan mutum ya sayi fim ko waƙa, wa aka ba izinin kallo ko saurare? Shi kansa ne, ko na'urarsa, ko kuwa ɗaukacin mutanen gidansa?

Za mu faro daga 1984, shekarar da Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar kamfanin Sony da Universal, ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai 5 a kan 4 cewa ɗaukar shirin talabijin a kaset domin kallo daga baya ba keta haƙƙin mallaka ba ne. Da kamfanonin suka ga kotu ba ta share musu hawaye ba, sai suka koma ga kulle kayansu. An sa wa faifan DVD kulle a 1996, amma a 1999 wani matashi ɗan ƙasar Norwe, Jon Johansen, da abokan aikinsa suka ɓalle shi.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne tsarin DTCP, wanda kamfanoni biyar, wato Hitachi da Intel da Matsushita da Sony da Toshiba, suka fito da shi a 1998. A ƙarƙashinsa kowace na'ura tana ɗauke da shaidar amincewa, kuma wadda ke riƙe da fim ba za ta miƙa wa 'yar'uwarta mabuɗi ba sai ta tantance wannan shaida. Da aka faɗaɗa tsarin zuwa na'urorin da ke magana da juna ta hanyar intanet, sai ya zama dole a fayyace mene ne gida. Ma'aunin da aka tsayar shi ne saƙo ya je ya dawo cikin kashi 7 bisa 1,000 na daƙiƙa. A ganinmu nan gizo ke saƙar, domin an auna gida da tazara, an bar dangantaka. Ɗan mai gida da ke makarantar kwana ya zama baƙo ke nan, alhali maƙwabcin da katanga kaɗai ta raba su yana iya shiga.

Kamfanin Apple ya bi wata hanya a 2003. Ya ɗora izini a kan mai saye, ya kuma wakilta shi ya zaɓi kwamfutoci 3 da zai buɗe wa waƙoƙinsa, aka mai da su 5 a 2004. To, amma wakili ba ya wuce wanda ya aike shi, kuma tushen mabuɗin yana hannun kamfani. Wannan ya fito fili a watan Afrilu na 2008, lokacin da Microsoft ya ba da sanarwar daina ba masu sayen waƙoƙin MSN Music sababbin mabuɗai daga ƙarshen Agusta. Sai da jama'a suka yi ca sannan ya ɗage wa'adin zuwa ƙarshen 2011. Shi kuwa Apple, a 2009 ya cire kulle daga waƙoƙin da yake sayarwa.

Tsarin UltraViolet na 2011 ne ya fi kusantar ma'anar iyali, domin ya yarda mutum 6 su yi tarayya a taskar finafinai guda. An rufe shi ranar 31 ga Yuli, 2019, bayan an umarci masu taska su haɗa ta da wani kantin sayar da finafinai kafin wannan rana.