Zomon batir na shagon Baba a Taminus



Jiya wani yaro a layinmu na Gangare ya fito da zomon roba mai batir yana kaɗa ganga, sai ya tuno mini da irinsa da ke shagon mahaifina a babbar kasuwar Jos ta Taminus. Baba batir yake sayarwa da cocila da rediyo. Mafi yawan cinikinsa Tiger Head ne na ƙasar Sin, wanda dattawa ke saya don kada labaran BBC na asuba su wuce su. Zomon kuwa na talla ne, da ya kunna shi sai yara su cika bakin shago.

Sai da na girma na san zomon nan yana da tarihi. Kamfanin Duracell na Amurka ne ya fara tallar zomo mai ganga a 1973, wai batirinsa ya fi daɗewa. A 1988 Energizer ya fito da nasa zomon don yi wa na farko shaguɓe. A 1992 suka sasanta, Energizer ya riƙe Amurka da Kanada, Duracell ya ɗauki sauran duniya.

To amma abin da ya fi taɓa ni shi ne kuza. Kayan wasa masu batir da Japan ta cika duniya da su a shekarun 1950 da 1960, yawancinsu da ƙarfe mai rufin kuza aka ƙera su. Kuzar nan kuwa ita ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu. Turawa sun fara haƙa a tudun Jos a farkon ƙarni na 20, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, kakana ya biyo shi daga Kano da kwanon wanke kuza. Kuza ta tafi Ingila, gwangwanin madara ya zo mana, mu 'ya'yan talakawa muka yanka shi muka yi mota muna ja da zare, ba ruwanmu da batir.

Bayan rikicin Satumba 2001, a Fabrairun 2002 gobara ta cinye kasuwar. Shagon Baba ya ƙone har da zomon, kuma bai sake tsayawa da ƙafarsa ba har Allah ya karɓi abinsa.

An haifi Baba a nan, an binne shi a nan, amma da na nemi takardar shaidar zama ɗan asali sai aka ce in koma Kano, garin da ban san ko ƙofar gidanmu ba. Hausawa dai sun ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Mu riƙa faɗa wa yaranmu yadda muka zo, kuma mu zauna da maƙwabtanmu lafiya.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya zaunar da Filato lafiya, amin.