Matawalle a Kan Sikeli: Umaru Ɗan Ra'ayin Riƙau Ne?

Maƙalar wannan mako ta tarihin siyasa ce, kuma ba za mu yi nisa da gida ba.

A watan Disamba na 2006 wakilan PDP suka taru a dandalin Eagle Square da ke Abuja domin zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa. Da aka gama ƙirga, gwamnan Katsina Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tashi da ƙuri'a 3,024, Rochas Okorocha da ke bi masa yana da 372. Mu mutanen Kankiya da Kusada mun riga mun yi shekara bakwai a ƙarƙashin mulkinsa, amma sauran 'yan Najeriya sai a lokacin suka fara tambayar ko wane ne shi. Amsar da ta fi sauƙi ita ta fi yawo: ɗan sarauta ne, daga jihar da ke shari'ar Musulunci, don haka ɗan ra'ayin riƙau ne. Wannan amsa muke so mu ɗora a sikeli.

In gida za a duba, magana ta ƙare. Mahaifinsa, Alhaji Musa 'Yar'aduwa, jigo ne a NPC ta Sardauna, ya riƙe ministan harkokin Legas a gwamnatin Tafawa Ɓalewa, kuma shi ne Matawallen Katsina, sarautar da Umaru ya gada daga baya. Da aka dawo siyasa a 1978, tsohon ya shiga NPN, inda akasarin 'yan NPC suka koma.

Sai dai ɗan bai bi uban ba. Umaru, malamin kimiyyar sinadarai da ya fito daga Jami'ar Ahmadu Bello, PRP ta Malam Aminu Kano ya shiga. Matasa su tuna cewa a lokacin babu jihar Katsina, sai a 1987 aka yanke mu daga Kaduna. Takarar gwamna ta 1979 ta kasance tsakanin Balarabe Musa na PRP da Lawal Kaita na NPN, ɗan Katsina, kuma Balarabe ya ci. Ya soke haraji da jangali, abin da dattawan Boko da Yashe da suka biya su da guminsu ba sa buƙatar a yi musu bayani. Majalisar da NPN ta mamaye ta tsige shi a 1981. To, a wancan rikici ɗan Matawalle yana ɓangaren masu soke haraji ne. Ba shi kaɗai ba: Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Durɓin Katsina, shi ne sakataren gwamnatin ta PRP. Masu rubuta mana littattafan da kowane ɗan sarki azzalumi ne, kowane ɗan talaka ɗan gwagwarmaya, su ɗan dakata a nan.

A 1991 ma haka. Babangida ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP mai ɗan karkata hagu da NRC mai karkata dama. Umaru ya nemi gwamna a SDP, Sa'idu Barda na NRC ya kayar da shi. PDP da ta kai shi ga kujerar a 1999 kuwa ba ma'auni ba ce, domin tukunyar gayya ce: da tsofaffin 'yan NPN, da 'yan PRP, da mutanen yayansa Janar Shehu, wanda ya rasu a gidan yarin Abakaliki a 1997, duk a ciki suke.

Maganar shari'a ita ce hujjar da aka fi kafawa a Kudu da ƙasashen waje, musamman saboda shari'ar Amina Lawal, wadda kotun Bakori ta yanke wa hukuncin rajamu a 2002, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta sallame ta a Satumban 2003. Gaskiya ne a hannunsa Katsina ta ƙaddamar da shari'a a 2000. Amma mu da ke nan mun san zargin da ake yi masa a lokacin: jan ƙafa. Zamfara ta Ahmad Sani Yarima ce ta buɗe ƙofa, jama'a suka taso, gwamnoni suka bi. Mutum ɗaya, a Legas ana kiransa mai tsattsauran ra'ayi, a majalisun Katsina ana cewa bai so ba. Marubucin da ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ya ba mai karatu rabin labari.

Inda muke ganin kalmar riƙau ta dace da shi, a hukuncinmu, shi ne baitulmali da ɗabi'a. Mutum ne marar son hayaniya, ba ya yawan fita waje, kuma ƙorafin da 'yan siyasa suka fi yi a kansa shi ne hannunsa a dunƙule yake. Ya bayyana kadarorinsa a fili tun yana gwamna, abin da takwarorinsa ba su saba yi ba. Wannan riƙon dukiya ne irin na ma'aji, ba aƙidar NPC ba. Hausa ta haɗa mana su a kalma ɗaya, aikinmu ne mu raba.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, wakilan da suka jefa ƙuri'a 3,024 ba wannan awo suka yi ba. A watan Mayun 2006 majalisar dattawa ta kashe shirin tazarce. Obasanjo ya ɓata da mataimakinsa Atiku Abubakar, EFCC ta Nuhu Ribadu tana bin akasarin gwamnoni, Umaru kuwa ba a jin sunansa a cikin badaƙala. Gab da zaɓen, gwamnonin da ke neman kujerar, har da Peter Odili na Ribas, suka janye masa. An zo Eagle Square ne a tabbatar da abin da aka gama a fadar shugaban ƙasa. Wanda ya zaɓo shi magaji yake nema, mai shiru, wanda zai bar tsare-tsarensa yadda ya same su, irin sayar da kadarorin gwamnati.

Nan fa tsohon katin PRP ya leƙo. Ranar rantsuwa, 29 ga Mayu 2007, Umaru ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kayar da Janar Buhari na ANPP yana da kurakurai, daga baya ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais. Ya rage kuɗin man da Obasanjo ya ƙara gab da sauka, ya mayar da harajin VAT kashi 5 daga 10. Matatun mai na Kaduna da Fatakwal da aka sayar wa rukunin su Aliko Ɗangote a kwanakin ƙarshe na waccan gwamnati, kafin ya cika wata uku a kan mulki cinikin ya rushe, aka mayar wa masu saye kuɗinsu. Allah Ya jiƙan Matawalle.