Taron takwarori: in aka kira Muhammadu a Yankara, wa zai rage a gida?

1/ Wani matashi a Amurka mai suna Josh Swain ya gayyato duk masu suna Josh su haɗu a jihar Nebraska a Afrilun 2021, a yi faɗan wasa da sandunan soso, wanda ya ci shi ne mai sunan. Ɗaruruwa suka zo. Yaro ɗan shekara 4 aka naɗa sarki 😂

2/ Abin har kundin Guinness ya shiga. A 30 ga Yuli 2017 masu suna Ivan su 2,325 suka taru a garin Kupres na Bosniya. Garin Kyle na Amurka ya yi ƙoƙarin karya tarihin a 2024, Kyle 706 kacal ya samu.

3/ Ni dai da na ga 2,325 dariya na yi. A yi shela ranar kasuwar Yankara a ce duk wani Muhammadu na Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa ya fito, wallahi sai titin Funtuwa zuwa Gusau ya toshe. To ya aka yi muka tara takwarori haka? Ku biyo ni.

4/ Dubi sunayen sarakunanmu na farko. Kano: Bagauda, Warisi, Gijimasu. Katsina: Kumayau, Sanau. Babu Muhammadu ko ɗaya. Sai da Musulunci ya shiga fada sunayen suka sauya. A ƙarni na 15 Katsina ta samu Muhammadu Korau, Kano kuma Muhammadu Rumfa (1463–1499).

5/ Lura da wani abu fa: ba wanda ke tuna su da Muhammadu. Korau da Rumfa muke cewa. Wato tun ranar da muka fara raba suna ɗaya muka fara neman dabarar bambance masu shi. A ganina nan ne ainihin tarihin yake.

6/ Dabara ta farko, lissafi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa ya sa wa 'ya'yansa da dama Muhammadu: Bello, Sambo, Buhari. A gidajenmu kuma aka ari ƙidayar Larabci: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u. Abokinka Salisu, lamba 3 kake kiransa kullum ba ka sani ba.

7/ Ta biyu, laƙabi. Abubakar ya zama Garba, Habu, Buba. Ibrahim ya zama Iro. Umaru, Sanda. A'isha ta zama Indo ko Shatu, Hauwa Kulu, Hadiza Dije, Fatima Binta. Usman kuwa Shehu, albarkacin Ɗanfodiyo. Shi ya sa cikakken sunan Shagari yake Shehu Usman Aliyu.

8/ Ta uku ita ce ta fi burge ni: alkunya. An sa wa jariri sunan kakansa, uwa ba za ta iya buɗe baki ta kira sunan surukinta ba. Sai yaro ya koma Abba, Baba ko Abbati, yarinya Ummi ko Inna. Akwai wanda sai ranar da aka kira rajista a firamare ya fara jin sunansa na yanka.

9/ Shi kuma wanda aka yi wa takwara ba kyauta ya samu ba. Akwai kayan barka, akwai ɗinkin sallah, yaro ya zama nasa.

10/ Bikin suna na gari guda ma muna da shi. A Kano, Takutaha ana yin ta ne kwana bakwai bayan Mauludi, ranar sunan Manzon Allah (SAW), jama'a su yi ado su hau Dutsen Dala.

11/ Inda wasan ke ƙarewa shi ne gaban kwamfuta. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Takardar firamare ta ce Garba, katin ɗan ƙasa ya ce Abubakar. Duk Yankara sun san mutum ɗaya ne, na'ura ba ta sani ba. Daga nan sai zirga-zirgar kotu neman takardar rantsuwa, wani har lokacin rajista ya wuce. Ku duba takardun ƙannenku tun yanzu.

12/ Taronmu kuwa in za a yi, ina tausaya wa mai ƙidaya. Mamman, Sani da Auwalu za su ce layi ɗaya suke, Abba kuma sai ya buga wa gwaggonsa waya ya tambayi layin da zai shiga.