Yadda "Never" Ta Sauya Gurbi a Jimlar Turanci

Duk wanda ya yi darasin Turanci a sakandare ya haddace ƙa'idar nan: kalmomin da ke nuna yawan aukuwar aiki, irin su "always", "often" da "never", suna zuwa ne kafin aikatau, kamar a "she often reads". Idan kuwa aikatau ɗin "is" ne, ko mataimaki irin "has" da "can", sai su koma bayansa: "she is often late". Ɗalibai kan ɗauki wannan na biyun a matsayin togaciya, alhali shi ne tsohon tsarin harshen.

A ƙarni na 14, zamanin marubuci Geoffrey Chaucer, Baturen Ingila na iya ajiye "never" bayan kowane aikatau, ya ce "he came never". Faransanci na bin wannan tafarki har gobe, inda "souvent", wato sau da yawa, ke biyo bayan aikatau: "il vient souvent".

Masani ɗan ƙasar Suwidin, Alvar Ellegård, ya ƙirga jimloli daga tsofaffin rubuce-rubuce a littafin da ya wallafa a 1953. Ya gano cewa daga ƙarni na 15 "never" ta riƙa komawa gaban aikatau, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 16 tsohon tsarin ya kusa ɓacewa. A wannan zamani ne kuma "do" ta fara yaɗuwa a jimlolin tambaya da na korewa, shi ya sa ake samun salon "I know not" da na "I do not know" duka a wasannin Shakespeare.

A 1989, Anthony Kroch na Jami'ar Pennsylvania ya sake nazarin alƙaluman, ya nuna cewa sauye-sauyen biyu tushensu ɗaya: aikatau na gama-gari ya daina hawowa gaban irin waɗannan kalmomi. "Be" da mataimakan aikatau ne suka riƙe gurbinsu na da.

Saboda haka, ma'aikacin da ya rubuta "he comes always late" a wasiƙar ofis ya yi kuskure a Turancin yau, kuma mai karatu zai lura. Sai dai tsarin da ya bi Turanci ne na gaskiya, wanda masu harshen suka bari fiye da shekaru 400 da suka wuce.